Sautin Tsakiya

Zuwa ga Maryamu 'yar Gatawa, hasken idona, inuwar gawo a tsakiyar bazara, ƙamshin ƙasa ranar ruwan fari, ke da sunanki ke riga numfashina fita!

Assalamu alaiki. Ina gaishe ki gaisuwar mai ƙishi a bakin rijiya, gaisuwar da ta fi ƙarfin wannan takarda da alƙalamina. Ya ƙarin haƙuri? Ya Baba da Iya, ya baƙuncin Sabon Birni? Allah Ya jiƙan Kamaluddeen, Ya yalwata masa makwanci, Ya ba ku dangana, Ya ba ni ni ma, don ke yayanki ne, ni kuwa aminina ne da ba ni da kamarsa. Ni ne Labbo, daga Isa nake rubuto miki. Tun da layin waya ya ɗauke a ƙasarmu ban ji muryarki ba, shi ya sa na ba Hadiyya mai kai daddawa kasuwarku wannan takarda, na roƙe ta kada ta miƙa wa kowa sai ke.

Ba za ni yi ta kewaye-kewaye ba, ya sanyin zuciyata, don kin san ni ba gwanin zance ba ne, kuma abin da ke cina ya wuce a lulluɓe shi. Kafin mahara su shiga Gatawa, kafin su raba ku da gidanku su raba mu duka da Kamalu, Baba ya riga ya ba Baffana baki a kanki. A zaurensa, a gaban dattawa, ya ce ya ba Labbo Maryamu, a bari sai an kai amfanin gona gida a sa rana. Amfanin gonar bai shiga rumbu ba, ranar ma ba a sa ta ba. Tun daga nan ba wanda ya ce mana an fasa, ba kuma wanda ya ce maganar tana nan. Na san dalili, ke ma kin sani. Cikin waɗanda suka shigo muku da bindigogi akwai masu magana da harshen mahaifiyata. Su ɗin ne dai suka bi ta rugarmu a wajen Tozai suka kore garkenmu kaf, har da jar karsanar da Inna ta ware ta ce taki ce ranar da za ki shigo mana gida. Amma wane uba ne zai tsaya yana tantance Bafillace da Bafillace alhali gawar ɗansa tana gabansa? Ban ga laifin Baba ba, wallahi ban gani ba. Sai dai ina so in sani, Maryamu: maganar nan tana numfashi, ko ita ma an rufe ta ba a gaya mini ba?

Bari in gaya miki abin da hannuwan nan suke yi tun da suka rasa sanda da igiyar maruƙa. Mun dawo gefen garin Isa, ni da Inna da Baffa, a wata bukka da ba ta san kukan saniya ba. A bayan kasuwa akwai shagon wani bawan Allah mai suna Is'haƙa, yana yi wa mutane cajin waya da hasken rana, don ko ba layi mutane ba su daina jin waƙa ba. Yana da fiyano, akwatin kiɗan nan mai haƙora farare da baƙaƙe, da shi yake haɗa waƙoƙin biki da na bege. Wata rana ya tarar da ni a gindin darbejiya ina busa sarewata don kada baƙin ciki ya kashe ni, ya tsaya ya saurara har na gama, ya ce in biyo shi. Ya yi shekaru a Maraɗi, can ya koyi sana'ar. Mutum ne mai saurin faɗa, bakinsa ba linzami, amma cikinsa fari ne tas. Ina share shago ina jera wayoyi, in rana ta ɗaga batir ya cika sai ya zaunar da ni gaban fiyano.

Kin san sarewa: numfashi ɗaya, sauti ɗaya, ka rufe rami ka buɗe rami, wani sauti ba ya fita sai wani ya mutu. Haka yatsuna suka tashi. To ranar farko Is'haƙa ya ce in danna haƙora uku a tare, in danna ɗaya, in tsallake ɗaya in danna, in sake tsallakewa in danna. Na danna na farko, ina kai yatsa ga na biyu sai na farkon ya ɗaga kansa ba da izinina ba, kamar yaro mai tashi ya ba babba tabarma. Na sake, haka. Na kuma sakewa, haka dai. Har ya buge mini hannu ya ce, "Kai Labbo, wa yac ce ka ɗaga? Wagga ba sarewa ba ta! Riƙe su duka su yi magana tare." Su yi magana tare! Ni da aka hore ni a kan mutum biyu ba sa magana lokaci guda, ni da na tashi ina jin mai waƙa ya ba da baiti 'yan karɓi su jira ya sauka kafin su karɓa, yau ana ce mini in bar bakuna uku su buɗe a tare, kuma wai a nan daɗin yake. Sai da ya ɗora hannunsa a kan nawa ya danne mini yatsu da ƙarfi. Sautin da ya fito, Maryamu, ban san inda za ni ajiye shi ba. Ya fi ɗaya, amma bai zama hayaniya ba. Is'haƙa yana kiransa akor, yadda ya koya a Maraɗi, samarin da ke zuwa daga Kano kuma suna cewa kod. Ni dai haɗi nake ce masa, sautuka uku daban-daban da suka yarda su zauna wuri ɗaya. Ina jinsa na san na taɓa jin ɗan'uwansa, kuma a gonarku na ji shi.

Kin tuna kakar nan da muka sauke garkenmu a gonar Baba, shanu su ci kara su bar masa taki, yadda kakanninmu da naku suka saba? Da hantsi ne. Kuna bakin masussuka ke da 'yan matan unguwarku kuna shiƙar gero, ƙaiƙayi yana tashi yana sauka a gyalenki har ya yi fari, kina ba da waƙa suna karɓa. Ni ina can gindin gawo, wai ina kiwo, alhali shanun sun kai har inda ba a ce su kai ba. Kamalu yana tsakaninmu a kan damin gero, ya kife ƙwarya yana kaɗa ta da yatsu, yana bin waƙar da siririyar muryar nan tasa da kuke yi masa tsiya a kanta. Duk lokacin da kika sauke baiti sai in karɓa da sarewa daga nesa, yadda ladabi ya ce. Sai a wani baiti kika ja murya fiye da yadda na zata, ni kuwa na riga na shigo. Muryarki tana ƙasa ta kwanta, sarewata tana sama, ta Kamalu ta shiga tsakani, ukun suka haɗu a iska suka tsaya. Abin bai wuce ƙiftawar ido ba, amma tsigar jikina ta tashi. Kika juyo da ƙwarya a hannu, gero yana zuba ba ki sani ba, kika dube ni. Ni kuwa gaula, na ɗauka na katse ki, na yi rashin kunya a gonar mutane, sai na cire sarewa daga baki na bi shanu a guje. Kamalu ya yi ta dariya har ya faɗo daga kan dami, ya ce bai taɓa ganin wanda ya yi abin kirki ya ruga ba sai ni. Da la'asar ya kawo mini fura a sabuwar ƙwarya, ya ce an hana shi faɗin wadda ta dama.

Wayyo Maryamu, tauraruwar asubata! Ina hantsin nan ya tafi? Ina 'yan matan da suke karɓa miki, wace ƙasa ta watsa su? Wa ke shiƙa a masussukar Gatawa bana, in ba iska ba? Ina kwana da duban nan da kika yi mini, ina tashi da shi, ina zuwa masallaci da shi har sai na yi istigfari. Idona ya ga garke ya tafi bai dawo ba, na daure. Ƙafata ta bar rugar da aka binne cibiyata, na daure. Amma rashin jin muryarki ya ƙi dauruwa, kullum sabo yake komawa. Ina kewarki, ina kewarki ƙwarai, kuma ban san wa za ni gaya wa ba in ba ke ba.

Da yatsuna suka fara jin magana, Is'haƙa ya koya mini abin da ya hana ni cin abinci ranar. Ya ce in riƙe haɗin nan na farko, do da mi da so, haka ake kiran su. Na riƙe, ya fito wasai kamar safiyar sallah. Ya ce kada in motsa na ƙasa, kada in motsa na sama, na tsakiya kaɗai in ja shi baya zuwa baƙin haƙorin da ke maƙwabtaka da shi. Tazarar ba ta kai faɗin yatsa ba. Na ja. Sai sautin ya sunkuyar da kai kamar mai zaman makoki. Na mayar, ya yi murmushi. Na sake ja, ya yi kuka. Ya ce na farkon shi ne mai fara'a, na biyun mai juyayi, kuma tsakaninsu yawancin waƙoƙi suke kai da kawowa. Sannan ya ce in ɗaga na tsakiyar gaba ɗaya, in bar biyun gefe. Na ɗaga. Biyun ba su yi faɗa ba, suna tsaye lafiya lau, amma tsakaninsu fili ne fetal, kamar ɗakin da aka kwashe kayansa, ba ka iya cewa murna suke ko baƙin ciki. Na tambaye shi sunan wannan. Ya ce, "Wanga ba shi da huska, sai an maido mishi na tsakiya."

Ban iya ƙarasa darasin ba. Na zagaya bayan shago na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka kore mana shanu, don Kamalu ne na tsakiyarmu, Maryamu. Shi ne ya kai maganata ga Baba tun kafin Baffa ya taka zaurenku. Shi ne ke fassara mini shirunki, ya fassara miki in-inata. In ya yi dariya mu yi, in ya ɗaure fuska mu shiga taitayinmu. Shi ne ya koya mini yadda ake durƙusa wa dattijon Gobir, ya koya miki gaisuwar Fillanci da kika yi wa Inna har ta rufe baki don dariya. Yanzu ga ki can ga ni nan, ba mu yi faɗa ba, ba mu rabu ba, kuma ba wanda zai iya cewa ga halin da muke ciki.

Ranar da labarinsa ya iso mana Inna ta ɗauki ƙwarya ta fita. Ba mu da saniya ko ɗaya, amma ta bi 'yan rugagen da suka saura ta roƙo madara, ta kaɗa da hannunta, ta cika ƙaramar ƙwarya da man shanu, ta rufe da sabon faifai, ta aika wa Iya gaisuwar ta'aziyya. Shekara da shekaru ƙwaryar nan tana zuwa gidanku da nono tana dawowa da gero ko kuka ko barkono, don tsakanin Inna da Iya ƙwarya ba ta taɓa komawa yadda ta zo ba. Wannan karon ta dawo da faifanta a ɗaure, man yana ciki ba a taɓa shi ba. Inna ta karɓa, ta daɗe tana dubanta. Baffa ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, "Ku ƙyale ta, ɗa tar rasa." Ta rataye ƙwaryar a ragaya, har yau ba ta bar kowa ya buɗe ba. Ban rubuta wannan don in kawo ƙarar Iya wurinki ba. Na rubuta ne don ki san mun ji, mun gane, kuma ba mu yi fushi ba.

Waƙarki ta shiƙa nake ɗora wa haɗi yanzu. Yadda ake aikin shi ne in rera baiti, in saurari inda murya ta huta, in nemi haɗin da zai tallabe ta a wurin da hannun hagu, hannun dama kuma yana bin waƙar. Da muryar nan tawa da kika ce kiran maraƙi kaɗai ta dace da shi nake rerawa, Is'haƙa yana toshe kunne yana neman tsari. Akwai haɗin da yake gida, daga shi ake tashi. Akwai wanda ke fita da kai waje ka sha iska. Akwai kuma wanda in ka tsaya a kansa ranka ba ya kwanciya, yana janka kamar saniyar da ta jiyo kukan ɗanta da marece, dole sai ka koma gida kafin numfashinka ya sauka. Na gwada mai fara'a a ƙarƙashin waƙarki, ta fito yadda take a gonar Baba. Na gwada mai juyayi a ƙarƙashin baitocin nan dai, ban canza ko kalma ba, sai ga ta ta zama waƙar Kamalu. Na bar farkonta a mai juyayi, don haka gaskiya take. Ƙarshenta ban yanke ba tukuna.

Akwai wani wuri a waƙar inda kike karya murya irin ta matan Gobir, ki zame tsakanin sauti da sauti kafin ki sauka. Na neme shi a fararen haƙora, na neme shi a baƙaƙe, babu. Is'haƙa ya ce akwatin ba shi da wannan, waɗanda suka ƙera shi ba su taɓa zuwa masussuka ba. Ya ce in matsar da wurin zuwa haƙori mafi kusa, kowa haka yake yi, ba mai ganewa. Na ce ni za ni gane. Na bar fiyano ya yi shiru a wurin, hannuwana biyu a ɗage, sai an wuce in sake saukewa. Duk wanda ya shigo karɓar wayarsa ya ji sai ya ce akwai rami a waƙar nan. Akwai kuwa, kuma ba za ni cike shi da abin da ba ke ba.

Abin da ya fi ba ni wuya har yanzu shi ne rera murya ta biyu. Is'haƙa ya riƙe waƙa, ni in bi ta sama da shi da nawa layin, muna tafiya tare amma kowa da hanyarsa. Ina farawa daidai, kafin a kai tsakiyar baiti sai kunnena ya ja ni, in tsinci kaina na koma cikin tasa muryar ina maimaita abin da yake faɗa. Ya ce haka kowa ke fama da farko, murya tana jin tsoron tsayawa ita kaɗai kusa da wata. Na ce to me ya sa ba za mu rera abu ɗaya mu huta ba? Ya ce in an ɗora sauti a kan irinsa ƙara kawai aka ƙara, haɗi ba ya samuwa sai kowanne ya riƙe wurinsa yana kuma sauraron ɗan'uwansa. Ina ta gwadawa, wata rana in kai ƙarshen baiti, wata rana in faɗi a hanya.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ya ruwan sanyin raina. Shirun nan ya ishe ni. Na yanke za ni zo Sabon Birni, ni da Baffa, ranar kasuwar da ke bin wadda Hadiyya za ta kawo miki wannan takarda. Za mu yi wa Baba ta'aziyya baki da baki, wadda har yau ba mu samu yi ba, sannan Baffa ya tambaye shi maganar da ya ba mu. Na san abin da ake faɗa. Na san masu tsaron bakin gari suna tsayar da duk mai kama da mu, na kuma san akwai waɗanda suka bar rugage suka tafi cin kasuwa ba su dawo ba. Su ma masu tsaron an kashe musu nasu, ba su da haƙurin doguwar tambaya. Is'haƙa, don ƙaunar da yake yi mini, ya fito mini da shaddarsa da hularsa. Ya ce in aske sumata, in bar malfa a gida, in gyara harshe irin na 'yan gari, in an tambaye ni in ce sunana Nasiruddeen, mai aiki a shagonsa. Baffa kuma ya zauna, in tafi ni kaɗai. Ya ce in na shiga gari lafiya sai in koma Labbo a zaure.

Na ɗauki rigar na auna a jikina, ta yi mini daidai kamar don ni aka ɗinka. Na daɗe a tsaye da ita. Sannan na cire na ninke na mayar masa, na tuna masa abin da shi da kansa ya koya mini a kan murya ta biyu. Ya zage ni tas, ya ce, "Kiɗi nik koya maka, ba hauka ba!" Wataƙila gaskiyarsa. Amma Baba ba Nasiruddeen ya yi wa alkawarinki ba. Labbo ya yi wa, ɗan Fillanin da ya san ubansa ya san kakansa, wanda shanunsa suka kwana a gonarsa kaka bayan kaka. In na shigo garinku da sunan aro da rigar aro, me za ni ce wa dattijon da masu rufe fuska suka kashe wa ɗa? Da wane kunne zai saurari sauran maganata? Kuma ke, ya farin watana, za ki so a ce mijinki ta ƙarya ya shigo neman ki? Kamalu bai taɓa gabatar da ni ga kowa da wani suna ba. A tsakiyar kasuwa yake dafa kafaɗata ya ce wannan Labbo ne, nawa ne. Ba za ni je gaisuwar mutuwarsa a ɓoye ba.

Baffa ya ji shawarata, sai ya aika a gyara masa takalminsa. Inna ta wanke mini rigata ta shanya, tana yi tana kau da kai don kada in ga idonta. Za mu taso da hantsi a motar 'yan kasuwa, ta babbar hanya, a idon kowa. Ba sanda, ba wuƙa ko ta yankan farce, malfata a kaina. In an tsayar da mu za ni faɗi sunana da na ubana da rugar da muka fito, in ce gidan Malam Talha na Gatawa za mu, mahaifin Kamaluddeen, gaisuwar mutuwa. Abin da ya biyo bayan wannan yana hannun Allah. Ina jin tsoro, Maryamu, ba za ni ɓoye miki ba.

Ba na roƙon ki yi wa Baba gardama, ba na roƙon ki zubar da hawaye a gaban Iya saboda ni, nata ya ishe ta. Roƙona ɗaya ne. In zuciyarki ta juya, in ganin fuskata zai zame miki ganin fuskar waɗancan, ki ba Hadiyya kalma ɗaya ta kawo mini, ki ce kada in zo. Wallahi ba za ni zo ba, ba kuma za ni riƙe ki a zuci ba, za ni yi ta yi miki addu'ar alheri muddin raina. Amma kada ki hana ni don tsoron abin da zai same ni a hanya. Wannan tsoron nawa ne, na riga na ɗauke shi, kada ki ɗora shi a kan wanda kike ɗauke da shi. Ki hana ni kawai in ba ki so na. In Hadiyya ta dawo ba saƙo, na ji amsarki, kuma za ni taso.

Ranar ki zauna cikin gida kusa da Iya. In kin jiyo hayaniya daga bakin gari, kada ki fito, kada ki aiki kowa. In kin ji sallama a ƙofar zaure, ni ne.

Wanda zuciyarsa ba ta da wata mai ita sai ke, yau da gobe da ranar tsayuwa,

Labbo